Kwana 13 a Camp David

A watan Satumba na 1978 Shugaba Jimmy Carter na Amurka ya gayyaci Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila zuwa Camp David, gidan hutun shugabannin Amurka a duwatsun jihar Maryland. Tun 1948 ƙasashen biyu sun gwabza yaƙi sau huɗu. Da fara zama, su ukun, Kirista da Musulmi da Bayahude, suka roƙi duniya ta taya su da addu'a.

Bayan kwana uku baƙin nan biyu suka kasa zama wuri guda. Carter ya raba su, ya riƙa kai da komo tsakanin masaukansu. Har Sadat ya ɗaure kaya zai tafi, da ƙyar aka tsayar da shi. A rana ta ƙarshe magana ta sake cijewa, sai Carter ya kai wa Begin hotunan taron, ya rubuta sunan kowane jikan Begin a kai. Zuciyar dattijon ta yi sanyi. Ranar 17 ga wata suka sa hannu.

Masar ta karɓi Sina'i a 1982, amma Sadat bai gani ba, gama waɗansu sojojinsa sun harbe shi a Alƙahira a 1981. Maganar Falasɗinawa kuwa a takarda ta tsaya.