Tseren gudu a kewayen Tafkin Tahoe

Tseren gudu a kewayen Tafkin Tahoe jerin gasanni ne na gudun fanfalaki da ake yi a kan titunan da suka zagaye Tafkin Tahoe, a tsaunukan Siyera Nebada da ke yammacin Amurka. Tafkin yana kan iyakar jihohin Kalifoniya da Nebada, a tsayin mita 1,897 daga matakin teku, kuma titin da ya kewaye shi ya kai kimanin kilomita 116, wato mil 72. An san waɗannan gasanni da kyan wurin da ake yin su, da kuma wahalar numfashi da tsayin wurin yake jawo wa masu gudu.

Tafkin da hanyarsa

Tahoe yana da tsawon kusan kilomita 35 da faɗin kilomita 19. Zurfinsa ya kai mita 501, shi ne na biyu a zurfi a Amurka bayan Tafkin Crater na jihar Oregon. Ƙoramu 63 ne suke zuba a cikinsa, amma kogi ɗaya tak yake fita, wato Kogin Truckee. Asalin mazauna yankin su ne ƙabilar Washoe, kuma daga harshensu sunan tafkin ya samo asali.

Manyan tituna uku ne suka haɗu suka yi zoben: mai lamba 89 ta yamma, mai lamba 28 ta arewa da arewa maso gabas, sai mai lamba 50 ta kudu maso gabas. Hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Ta gefen Nebada tana haurawa sama da mita 2,100 a wajen Spooner, ta kudu maso yamma kuma tana hawa da lanƙwasa a saman Emerald Bay, inda ake hango tsibirin Fannette, tsibiri ɗaya tilo da ke cikin tafkin.

Gasanni

Mafi daɗewa a cikinsu ita ce gasar karɓa-karɓa ta DeCelle, wadda aka fara tun shekarun 1960. A cikinta mutum bakwai ne suke raba zagayen tafkin a tsakaninsu, kowa ya gudu rabonsa ya miƙa wa na gaba.

Gasar fanfalaki ta Tahoe kuwa an fara ta a 1996, kuma ana yin ta a ƙarshen shekara kafin sanyi ya kankama. Babban tserenta na kilomita 42.195 yana bin gaɓar yamma zuwa kudu. Rabin farko yana da sauƙi, kuma a nan ne baƙi da yawa suke ruɗuwa su ƙarar da ƙarfinsu, domin doguwar hawa tana jiran su bayan sun wuce tsakiya, wadda masu gudu suke yi wa laƙabi da “tudun jahannama”. Akwai kuma gajerun tsere na rabin fanfalaki da na kilomita 10. Masu neman abin da ya fi haka suna shiga Tahoe Triple, fanfalaki uku a kwana uku a jere, ko su zagaye tafkin gaba ɗaya a tashi guda.

Tasirin tsayi a jiki

Kason iskar oksijin a sararin Tahoe daidai yake da na bakin teku, kusan kashi 21 cikin ɗari. Abin da ya ragu shi ne nauyin iskar, wanda yake kusan kashi 80 cikin ɗari na wanda ake samu a bakin teku. Saboda haka kowane numfashi yana shigar da oksijin ƙasa da yadda jiki ya saba, sai zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙara sauri, mutum ya gaji a gudun da a gida ba ya jin sa. Wasu suna fama da ciwon kai da rashin barci a kwanakin farko.

Jiki yana sabawa, amma a hankali. Ƙoda tana sakin sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, aikin da yake ɗaukar makonni. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan gudu daga ƙasashe da dama suke zuwa atisaye a garin Iten na Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400. Wanda ya iso Tahoe ana jibi tsere bai samu wannan lokaci ba, abin da ya fi masa shi ne ya rage sauri tun daga farko. Iskar wurin busasshiya ce, gumi yana bushewa nan take, har mutum ya rasa ruwa bai ankara ba. Sai dai shan ruwa fiye da kima shi ma haɗari ne, domin yana tsinka gishirin jini.

Gwajin Olamfik na 1968

Da aka ba birnin Meziko, mai tsayin mita 2,240, karɓar baƙuncin wasannin Olamfik na 1968, Amurka ta shimfiɗa filin tsere a cikin daji a Echo Summit, kudu da tafkin, saboda tsayinsa ya yi daidai da na Meziko. A nan aka tace 'yan wasan maza a watan Satumba. Cikinsu akwai Lee Evans, wanda ya ci zinare a tseren mita 400 a Meziko da daƙiƙa 43.86, daga baya ya yi aikin horar da 'yan gudu a Najeriya, ya kuma rasu a can a 2021. Wasannin na Meziko sun nuna cewa siririyar iska tana taimakon masu gajeren gudu, tana kuma cutar da masu dogon zango.

Yanayi da gobarar daji

Dusar ƙanƙara takan rufe titin Emerald Bay a lokacin sanyi, shi ya sa gasannin suke taƙaita ga watanni masu ɗumi. Ko a lokacin, ana iya tashi da asuba cikin sanyi mai ratsa ƙashi, rana ta take da zafi. A shekarun baya-bayan nan hayaƙin gobarar daji ya zama babbar barazana ga masu shirya tsere. A ƙarshen watan Agustan 2021, gobarar Caldor ta tilasta kwashe mazauna garin South Lake Tahoe baki ɗaya.