Keke da Ayari a Ƙasar Ƙauran Namoda: Tarihin Tafiyar Taro a Hanyar Burji

Gabatarwa

A cikin shekarun nan wani irin wasan motsa jiki ya yaɗu a Amurka da Turai, watau mutane su kafa ƙungiya, su yi rajista, su riƙa fita a kan kekuna ranar hutu suna bin hanyoyin burji da turbobin karkara, suna kauce wa kwalta da motoci. Ga mutumin Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi wanda ya manyanta, wannan ba baƙon abu ba ne, domin kuwa haka aka yi ta cin kasuwannin ƙasar shekara da shekaru. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun yadda keke ya shigo wannan yanki, da yadda ya ari kalmominsa daga doki, ya kuma gaji tsarinsa na tafiya daga ayarin fatake, sa'an nan ta duba abin da ya raunana wannan tsari, da sharaɗin da zai sa ya farfaɗo.

Jirgin ƙasa da zuwan keke

Garin Ƙaura ya samo sunansa ne daga Namoda, jarumin Alibawa wanda yake cikin manyan mayaƙan da suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. A ƙarni na sha tara duk wata tafiya a wannan ƙasa da ƙafa ake yin ta, ko a kan doki da jaki da raƙumi da takarkari. Doki na sarauta ne da yaƙi, jaki kuwa na talaka ne da fatauci.

Keken da aka sani yau, mai ƙafafu biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ta baya, an fito da shi ne a Koventiri ta Ingila a 1885, a hannun John Kemp Starley. A 1888 kuma Dunlop ya fito da tayar keke da ake hura wa iska. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kai irin wannan kaya Arewa yana da wuya da tsada, saboda haka sai Turawan mulki da 'yan mishan da wasu akawuna suke hawansa.

Abin da ya sauya al'amarin ƙasar Zamfara shi ne reshen dogo da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Ƙaura ta zama ƙarshen hanyar jirgi, watau matattarar gyaɗa da auduga da taba da fatu da ƙiraga na duk ƙasashen da ke arewa da ita, har da wani sashe na gyaɗar da ake nomawa a hayin iyaka, cikin ƙasar da Faransa take mulka a lokacin. A wannan shekara ce kuma aka kafa kamfanin U.A.C., wanda ya yi fice wajen shigo da kekunan Raleigh na Nottingham. Taragon da ya tafi kudu da buhunan gyaɗa shi ne yake komowa da atamfa da gishiri da kwanon rufi da kekuna. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa da kaka yakan tarar da abin da zai saya da kuɗin a kantin da ke daura da sikeli. Ta haka keke ya fita daga hannun ma'aikata ya shiga hannun manoma da 'yan kasuwa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da cinikin gyaɗa ya haɓaka. Daga baya har haɗa kekuna aka riƙa yi a Zariya da Kano. Hukumar En'e ta Sakkwato, wadda ƙasar Ƙaura take ƙarƙashinta, tana karɓar kuɗin lasin keke, wanda ya nuna cewa kekunan sun yi yawan da za a ɗora musu haraji.

Shaidar harshe

Kalmomin da suka shafi keke suna ba da labarin hanyar da ya biyo. Sunaye biyu ne Hausawa suka san shi da su. Na farko, keke, aro ne daga Yarabanci, kuma wannan ya dace da tarihin zuwansa ta kudu tare da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa. Kalmar ta yi rassa, ta haifi keken ɗinki da keken rubutu da keken shanu. Na biyu, basukur, aro ne daga Ingilishi, kuma ya bi ƙa'idar nan da ta mai da lam ɗin ƙarshen kalma ra, kamar yadda aka samu a tebur. Keke ne ya yi rinjaye a bakin jama'a, basukur kuwa sai a tsofaffin littattafai da bakin dattawa.

Sassan da Bahaushe bai taɓa ganin irinsu ba sai ya karɓe su da sunayensu na asali, ya gyara musu zama, alal misali taya da birki da feda da kariya da famfo da bawul da faci. A karin harshen Zamfara da Sakkwato, inda fa take komawa hwa, fi kuma ta koma hi, sai a ji hwaci da hitila. To amma duk inda aka zo ga dangantakar mutum da abin hawansa, sai harshe ya koma ga doki. Mazaunin keke sirdi ne. Hawa ake yi, a sauka. Wanda ya fita yawon shan iska da la'asar kilisa ya fita, yaran da suka saki kekuna a guje kuwa sukuwa suke yi. Ado ma haka ne: yadda ake yi wa doki kwalliya da tunku da jalala, haka samari suke naɗe ƙarfen keke da leda mai launi, su ɗaura masa madubai da ƙararrawa biyu da fitila. In kuwa an ɗauki mutum a baya, sai a ce an goya shi, kalmar da aka aro daga uwa da ɗanta. Abin lura a nan shi ne, Bahaushe ya ɗauki keke a matsayin dokin talaka, mai ba da irin martabar da a dā sai mai sarauta ko attajiri yake samu.

Daga ayarin jakai zuwa ayarin kekuna

Hanyoyin ƙasar a zamanin Turawa iri biyu ne, na kullum da na rani. Daga Ƙaura hanya ɗaya ta yi kudu zuwa Gusau, tafiyar kimanin kilomita 60, ta kan Kasuwar Daji. Wata ta yi arewa ta Moriki zuwa Shinkafi da Isa da Sabon Birni. Ta uku ta nufi Zurmi, ta zarce Jibiya da Katsina. Tsakaninsu kuwa turbobi ne na ƙafa da na dabbobi. Kowace irin ƙasa da wahalarta ga mai keke: burji yana da gargada mai kwance ƙusoshi, jigawa tana riƙe taya har sai an sauka an tura, laka tana cushe tsakanin ƙafa da birki da damina, tsidau da sauran ƙaya suna huda taya. Ga kuma gulaben Gagare da Bunsuru, waɗanda da rani yashi ne zalla, da damina kuwa sai an nemi mashigi ko masu fito.

Waɗannan wahalhalu su ne suka sa tafiyar taro ta zama tilas. Mutum a ƙafa yakan ci kamar kilomita 5 a sa'a guda, mai keke kuwa yakan ninka wannan sau biyu ko uku ko da yana ɗauke da kaya. Saboda haka ɗan koli ko mai tireda ko dillalin fatu yana iya barin gida bayan sallar asuba, ya ci kasuwar da a dā sai ya kwana a hanya, ya komo kafin isha. Da yake kasuwannin ƙasar na mako-mako ne, kowace da ranarta, kamar ta Shinkafi da take ci ranar Alhamis, sai mutanen gari ɗaya masu nufin kasuwa ɗaya su taru a bakin gari su tashi tare.

Tsarin wannan tafiya ba sabo ba ne. Ayarin fataken goro da yake zuwa Gwanja yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da zango, da uban dawaki mai kula da tsarin tafiya. Ayarin kekuna ƙarami ne, kwana ɗaya ne kuma iyakarsa, don haka bai bukaci muƙamai masu suna ba, amma ayyukan suna nan. Wanda ya fi sanin hanya shi yake gaba, yana kaɗa ƙararrawa in ya ga rami ko garken shanu. Dattijo shi yake faɗin inda za a tsaya a sha fura a yi salla. Famfo ɗaya da kayan faci ɗaya sukan ishi mutum goma. Babbar ƙa'ida kuwa ita ce ba a barin kowa a daji: in tayar mutum ɗaya ta sace, kowa ya sauka, in kekensa ya ƙi gyaruwa a raba kayansa, wani ya goya shi. Shiga wannan ayari ba ya bukatar takarda ko kuɗin rajista. Abin da ake nema shi ne a san asalin mutum, wani ya tsaya masa, a kuma shaide shi da riƙon amana, domin 'yan ayari sun san abin da ke aljihun juna a kan hanyar komowa. Sarkin yawa, in ji masu iya magana, ya fi sarkin ƙarfi.

Sana'o'i kuma sun tsiro a gefen wannan hanya. Kowace kasuwa tana da mai faci a gindin itace, kowane gari yana da mai hayar keke, inda yara suke biyan kuɗi kaɗan su koyi hawa. Malaman makaranta da malaman gona da masu duba-gari da masinjojin hakimai duk da keke suke zaga ƙauyuka.

Ja da baya

Dalilai uku ne suka haɗu suka raunana wannan tsari. Na farko shi ne faɗuwar gyaɗa: farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, sun karya sana'ar da ta raya tashar Ƙaura, kuma a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Na biyu shi ne kuɗin man fetur. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya sa ma'aikata da yawa suka ajiye keke suka sayi babur, kwalta kuma ta kawo motocin haya a manyan hanyoyi. Kekunan Phoenix na ƙasar Sin sun riƙe talaka na wani lokaci saboda araha, amma martabar ta riga ta koma ga babur, daga baya kuma 'yan kabu-kabu suka karɓe jigilar ƙauyuka.

Dalili na uku shi ne mafi muni. Tun wajen 2011 rikicin 'yan bindiga ya fara cin ƙasar Zamfara, kuma Zurmi da Shinkafi da Ƙaura suna cikin wuraren da abin ya fi shafa. Maharan a kan babura suke tafiya, su ma a ayari, har ta kai ƙurar taron abin hawa daga nesa, wadda a dā alamar ranar kasuwa ce, ta zama abin firgita. A 2019 rundunar soja ta hana hawan babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Zamfara. A 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, aka kuma katse layukan waya. Kasuwa ita ce dalilin ayari, hanya ita ce filinsa, kuma duka biyun sun taɓu.

Abin da ake yi a wasu ƙasashe

A Ingila an kafa ƙungiyar masu yawon keke tun 1878, a 1955 kuma aka kafa wata ta masu bin turbobin da ba kwalta. Wasan burji na zamani ya yi suna ne da tseren mil 200 da aka fara a garin Emporia na jihar Kansas a 2006 da mutum 34, wanda yanzu ake kira Unbound Gravel, dubbai kuma suke halarta. A 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Italiya. A Afirka ma an fara irin wannan tsere a ƙasar Masai ta Kenya a 2021, ga kuma tseren zagaye Burkina Faso da ya samo asali tun 1987.

Idan aka kwatanta, za a ga kamanni masu yawa. Faɗin tayar keken burji na yau yakan kama daga milimita 38 zuwa 50, tayar tsohon Raleigh mai inci 28 kuwa faɗinta inci ɗaya da rabi ne, watau kimanin milimita 38. Ƙungiyoyin suna sa jagora a gaba da mai tsaron baya, da yawansu kuma suna da dokar jiran wanda ya gaza. Bambancin yana ga nauyi da manufa. Keken wasa bai cika wuce kilo 10 ba, yana da giya da yawa, na ɗan kasuwa kuwa ya kusa ninka wannan tun ba a ɗora masa buhu ba, giyarsa kuma ɗaya ce. Wancan lafiyar jiki da nishaɗi yake nema, wannan kuwa abincin iyali.

Kammalawa

Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya sa mutane da dama a garuruwan Arewa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Gari kamar Ƙaura, mai babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya tun 1983, ba zai rasa matasan da za su so kafa ƙungiyar keke ba. In sun tashi yin haka, ba sai sun aro tsari daga waje ba, domin jagaba da zango da dokar rashin barin kowa a daji duk suna cikin gadonsu. Akwai kuma aiki a gaban masu nazarin harshe da al'adu, watau tattara kalmomi da labaran tsofaffin masu faci da 'yan koli tun suna raye. Amma sharaɗin farko shi ne aminci. Ranar da mutum goma za su tashi daga Ƙaura da asuba a kan kekuna, su ci kasuwar Shinkafi, su komo gida ba wanda ya tare su, ranar ce za a tabbata hanyar ta koma hannun masu ita.