Duwatsun da ke faɗowa daga sama: Daga Udei zuwa Zagami

A kan layin dogon da ya haɗa Lafiya da Makurɗi akwai wata ƙaramar tasha mai suna Udei, a Ƙaramar Hukumar Guma ta Jihar Binuwai, dab da iyakar Jihar Nasarawa. A shekarar 1927 wani curin ƙarfe mai nauyin kimanin kilo 103 ya faɗo daga sama a kusa da ita. Har yau masana a faɗin duniya suna kiran dutsen da sunan wannan tasha, domin al'adarsu ce su raɗa wa kowane dutsen sama sunan wurin da ya fi kusa da inda aka same shi.

Akasarin irin waɗannan duwatsu ɓaraguzai ne na manyan duwatsun da ke zagaya rana tsakanin duniyar Mars da ta Jupita. Shekarunsu sun kai kimanin biliyan 4.5, wato sun girmi duk wani dutse da ke doron ƙasa. Idan ɗayansu ya ratso hanyar duniyarmu, yakan shigo cikin iska da gudun da ya kama daga kilomita 11 zuwa 72 a cikin daƙiƙa guda. Zafin da wannan gudu ke haifarwa shi ke narkar da bayansa, ya ba da hasken nan da ake gani da dare a ce tauraro ya faɗi. Mafi yawansu ba su wuce girman ƙwayar gero ba, kuma sukan ƙone ƙurmus tun suna can sama. Ƙalilan ne masu girman da zai kai su ƙasa.

Masana sun kasa su gida uku: na dutse zalla, waɗanda su ne mafiya yawa, da na ƙarfe, da kuma masu haɗin dutse da ƙarfe. Na Udei yana cikin na ƙarfe, haɗe da sinadarin nikel, tare da gutsattsarin dutse a cikinsa.

Arewacin Nijeriya ya shaida wasu faɗowar bayan ta Udei. A watan Agustan 1974 wani mai nauyin kusan kilo 5 ya faɗo a Mayo Belwa, cikin Jihar Adamawa ta yanzu. Ranar 3 ga Afrilun 1984 wani ya faɗo a yankin Gujba, cikin Jihar Yobe ta yanzu, kuma irinsa na da matuƙar wuyar samu. Mutanen yankin sun farfasa shi suka rarraba tun kafin masana su kai gare shi.

Wanda ya fi su suna shi ne na Zagami, a ƙasar Katsina. Ranar 3 ga Oktoban 1962 dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo a gona, 'yan taku kaɗan daga inda wani manomi yake tsaye. Bincike ya nuna cewa daga duniyar Mars ya fito. Hujjar ita ce iskar da ta maƙale a cikinsa ta dace da iskar Mars, kamar yadda kumbunan Viking na Amurka suka auna ta a 1976. Masana sun ƙiyasta cewa dutsen ya daskare daga narkakken dutsen aman wuta shekaru kimanin miliyan 180 da suka wuce, sannan wani gagarumin karo ya cillo shi daga Mars shekaru kimanin miliyan 3 da suka shige. Da farko an ajiye shi a hukumar binciken albarkatun ƙasa da ke Kaduna. Daga baya aka yayyanka shi, gutsattsarinsa suka bazu a gidajen tarihi da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje.

Darajar waɗannan duwatsu ta sake fitowa fili a maƙwabciya Nijar. A watan Nuwamban 2023 an tsinci wani dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas, wanda aka yi wa rajista da lamba NWA 16788, kuma ya zarce na Zagami girma. A watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu.

A jiha irin Nasarawa, inda manoma da masu haƙar ma'adinai ke tona ƙasa kullum, sanin alamomin dutsen sama yana da amfani. Yakan fi dutsen gida mai girmansa nauyi. Sabon faɗowa yana da siririn ɓawo baƙi, wani lokaci da 'yan lotsa-lotsa kamar an danna yatsa a danyen yumɓu. Maganaɗisu yakan kama mafi yawansu. Dutse mai ramuka kamar soso galibi kashin maƙera ne. Shi kuwa abin da ake kira gatarin aradu, makami ne na dutse da mutanen da suka sassaƙa da hannunsu.

Wanda ya ga faɗowar irin wannan dutse, ko ya tsinci abin da yake zato shi ne, ya kamata ya rubuta rana da lokaci da wurin, ya ɗauki hoto kafin ya ɗaga shi. Kada ya wanke shi ko ya fasa shi, domin ruwa yana sa ƙarfen cikinsa tsatsa, fasawa kuma tana ɓatar da bayanan da masana ke nema. Tabbatarwa sai a ɗakin gwaji, ta hannun Hukumar Binciken Albarkatun Ƙasa ta Nijeriya ko sashen nazarin duwatsu na jami'a, kamar na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Ƙa'idar rajistar duniya ta tanadi a ajiye giram 20, ko kashi 20 cikin 100 na dutsen idan ƙarami ne, a cibiyar bincike da aka amince da ita, domin masu nazari na gaba su same shi.