Yadda Manoman Amurka Suka Riƙa Jin Ɗumi da Masararsu

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wani makeken fili wanda babu inda a ke noman masara a duniya kamarsa. Ya haɗa jihohin Iowa da Illinois da Nebraska da Minnesota, da waɗansu na maƙwabtaka da su. Da damina mutum ya iya yini yana tafiya cikin mota, ba ya ganin kome hagu da dama sai masara. Ƙasar tana da albarka ƙwarai, amma tana da wani irin sanyi wanda hunturun ƙasar Hausa bai kama ƙafarsa ba. Tun daga Disamba har Maris ƙanƙara kan rufe ƙasa, tafkuna su daskare har a bi ta kansu da mota. Wanda wutar ɗakinsa ta mutu da dare cikin irin wannan sanyi, ransa ne ke cikin haɗari. Ran 12 ga Janairu, 1888, wata guguwar ƙanƙara ta taso farat ɗaya da rana a Nebraska da Dakota da Minnesota, ta halaka mutum fiye da 200, da yawa daga cikinsu 'yan makaranta ne da ta rutsa da su a kan hanyar gida.

Saboda haka kowane maigida a wannan ƙasa, da zarar ya gama girbi, abin da ke gabansa shi ne abin da zai ƙona har sanyi ya wuce. Sau da dama kuwa, cikin shekara ɗari da hamsin da suka shige, lissafi ya kai shi ga ɗebo hatsin da ya noma da hannunsa ya zuba a murhu.

Ita masara asalinta daga kudancin Meksiko ne, inda mutanen ƙasar suka fara nomanta shekara wajen 9,000 da suka wuce. Turawa ba su san ta ba sai bayan 1492, sa'ad da jiragensu suka isa can, daga nan ta bazu cikin duniya. Masana suna cewa sunan da Hausawa suka ba ta yana nuna ta hanyar Masar ta iso musu.

A shekarar 1862 Gwamnatin Amurka ta yi doka, duk wanda ya tafi yamma ya zauna ya yi noma shekara biyar za a mallaka masa eka 160. Filin nan kuwa na mutanen ƙasar ne na asali, waɗanda aka kora da ƙarfin bindiga. Jama'a suka yi ta kwarara, da 'yan ƙasa da baƙi daga Jamus da Suwidin da Norwe. Da suka isa suka tarar ciyawa ce iyakar ganin ido, babu itatuwa sai ɗai ɗai a bakin rafi. Da hoge suka gina ɗakunansu na farko, suna yanko shi da saiwar ciyawa a jiki suna jerawa kamar tubali. Makamashi kuwa sai busasshen kashin ɓauna da na shanu, da totuwar masara, da ciyawa wadda a ke murɗewa tamau don ta daɗe tana ci. A hunturun 1880 zuwa 1881 ƙanƙara ta toshe hanyar jirgin ƙasa wata da watanni a Dakota, kwal ya yanke, iyalai suka riƙa yini suna murɗa ciyawa suna turawa a murhu don kada su daskare.

Babu wanda ya ga abin kunya cikin ƙona totuwa da kara, yadda uwargida a ƙauyen Hausa ba ta ganin aibin dafa tuwo da karan dawa. Ƙona tsabar hatsi ita ce abin da ke da zafi a zuciya, ba a kuwa daɗe ba aka kai ga haka.

Sai an san ma'auninsu kafin a gane lissafin. Mudun da su ke awon hatsi da shi sunansa bushil, na masara yana da nauyin kilo 25 da 'yan kai, watau bushil huɗu ne ke cika babban buhu. Kuɗinsu kuma dala ce, senti 100 ke cikin dala ɗaya. A 1889 Allah ya ba mutanen Kansas damina mai kyau, masara ta yi yawa har bushil ya faɗo wajen senti 10 a bakin gona. Kasuwar da za a saye ta da daraja tana can Chicago da garuruwan gabas, hanya ɗaya ce kuma ta kai ta, jirgin ƙasa, masu jirgin kuwa su ke yanka kuɗin dako yadda suka so. Kwal ɗin da manomi zai saya shi ma jirgin nan ne ke kawo shi daga nesa da tsada. Manomi ya duba, in ya loda masara a keken doki ya kai tasha ya sayar, kuɗin ba zai sayo masa kwal mai ɗumin da ita masarar za ta ba shi ba. Sai ya bar ta a gida, yana jefa goyonta ɗungum a murhu. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, an ce ya fi wutar zafi.

Ba su yi wannan da farin ciki ba. Mutum ya shekara yana wahala, ga bashin banki a kan gonarsa, sa'an nan ya zauna yana kallon guminsa yana zama toka, alhali ya san a birane akwai masu kwana da yunwa. Fushin nan ne ya shiga cikin abubuwan da suka haɗa kan manoma, har a 1892 suka taru a birnin Omaha da sabuwar jam'iyyarsu, suka nemi Gwamnati ta karɓe hanyoyin jirgin ƙasa daga hannun kamfanoni. Ɗan takararsu na shugaban ƙasa, James Weaver, mutumin Iowa, ya sami ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya. Bai ci ba, amma manyan jam'iyyu sun ji tsoro.

Abin ya sake dawowa, ya ma fi na dā muni, bayan kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoba, 1929. Bankuna suka yi ta karyewa, masana'antu suka rufe, kafin 1933 cikin kowane ma'aikaci huɗu ɗaya ba shi da aikin yi. Masarar da a ke saye wajen senti 80 a 1929, a ƙarshen 1932 ta koma senti 10 ko 12 a kasuwannin Iowa. A wannan karo har hukumomin waɗansu gundumomi sun sayi masara suna ɗumama kotuna da makarantu da ita, domin ta fi kwal araha. A daidai lokacin nan mutane suna jere a titunan New York da Chicago suna jiran a ba su burodi da miya sadaka. Abinci yana nan, mayunwata suna nan, kuɗin da zai sada su ne babu. Manoman Iowa, a ƙarƙashin wani shugabansu Milo Reno, suka tare hanyoyi a 1932, suka hana a kai amfanin gona kasuwa sai an ƙara farashi.

Da Franklin Roosevelt ya hau mulki a 1933 ya ɗora Henry Wallace, wani ɗan Iowa, a kan sha'anin noma. Dabararsu ita ce a biya manoma su rage abin da su ke nomawa don farashi ya tashi, har aka yanka ƙananan aladu wajen miliyan 6 a shekarar. Abin mamaki, shi Wallace ɗin nan shi ne ya kafa wani kamfani a 1926 na sayar da irin masara mai aure, wanda ke ba da amfani fiye da na gargajiya. Irin nan, da takin zamani, da injuna, su suka sa eka ɗaya da ke ba da bushil 25 ko 30 a zamanin nan ta kai ga ba da fiye da 170 a shekarar 2023. Yawan masarar da ya so ya rage, ashe shi da kansa ya shuka abin da zai ninka shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka manta da zancen ƙona masara. Gidaje suka koma amfani da man fetur irin na ɗumama ɗaki, da iskar gas, da lantarki, duka da araha. Sai a Oktoba, 1973, yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai, cikin 'yan watanni gangar mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen 12. Mutane suka koma neman murhun itace. A jihohin da a ke yankan katako aka shiga matse garin katako da inji, yana fitowa 'yan ƙananan curi kamar abincin kifi. Wajen 1984 wani injiniya mai suna Jerry Whitfield, wanda ya yi aiki a kamfanin jiragen sama na Boeing, ya fito da murhun ɗaki mai cin irin wannan curi. Maƙera a ƙasar masara suka lura cewa ƙwayar masara curi ce da Allah ya riga ya cura, ba ta bukatar inji, sai suka gyara murhun ya dace da ita.

Murhun akwati ne na ƙarfe mai tsayi kamar ƙugun mutum, da gilashi a gaba inda a ke hangen wuta. A bayansa akwai mazubi wanda ke ɗaukar bushil ɗaya ko biyu. Ƙarƙashin mazubin akwai wani ƙarfe mai murɗi, irin na cikin injin markaɗe, yana juyawa a hankali yana turo ƙwaya kaɗan kaɗan cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe mai huje-huje wadda ba ta fi ƙoƙo girma ba. A nan kaɗai wutar ke ci. Fanka ɗaya tana hura ta kamar zugazugin maƙeri, tana fitar da hayaƙi ta bututu zuwa waje, wata fankar kuma tana watsa iska mai ɗumi cikin gida. In a na son ƙarin zafi sai a murɗa maɓalli ƙarfen ya ƙara sauri. Bushil guda ya kan kai kusan yini da kwana, zafin da ke cikinsa kuwa ya yi daidai da na galan huɗu na gas ɗin tukunya. Masarar ba ta fashewa kamar gugguru, domin wannan iri dabam ne.

Yana da nasa wahalhalu, masu sayarwa ba su cika faɗinsu ba. Masarar sai ta bushe sarai, laimarta kada ta wuce kashi 15 cikin 100, a kuma sheƙe ta a fid da ƙaiƙayi da gutsattsarin totuwa, in ba haka ba ƙarfen ya sarƙe. Ba ta kama wuta da sauƙi, sai an fara da curin katako. Tokarta kan narke ta dunƙule a gindin tukunyar da tauri kamar kashin maƙera, dole a riƙa cire ta kullum ko kuwa wutar ta shaƙe. Hayaƙinta yana cin ƙarfe, sai an sa bututu na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ɓeraye da ƙwari suna bin hatsin har cikin gida. Babbar illarsa kuma ita ce in lantarki ya ɗauke, kamar yadda ya kan yi cikin guguwar ƙanƙara, ƙarfen da fankokin su tsaya cik, wutar ta mutu daidai sa'ad da aka fi bukatarta.

Duk da haka ya sami karɓuwa, har a birni. A 2002 mutanen Takoma Park, wani gari a gefen birnin Washington, suka haɗa kai suka kafa rumbun ƙarfe, wani manomi yana cika musu shi, kowa ya zo da bokiti ya ɗiba. Kasuwarsa ta fi ci a 2005. A Agusta da Satumba na shekarar mahaukaciyar guguwa ta faɗa wa gaɓar tekun kudu sau biyu, ta lalata wuraren haƙar mai da gas, farashinsu ya yi sama. Masara kuwa ta yi yawa, bushil bai kai dala 2 ba. Masu ƙera murhun suka kasa biyan bukata, mai saye sai ya ba da suna ya jira watanni.

A nan gardama ta tashi. Waɗansu suka ce ba daidai ba ne a ƙona abinci alhali a na yunwa a duniya. Masu murhun suka amsa cewa wannan masara ba wadda a ke ci ba ce, galibinta dabbobi a ke ba, kowace damina kuma a na sāke nomanta, ba kamar mai ba wanda in ya ƙare ya ƙare. Kowane ɓangare yana da hujja, amma abin da murhun ɗaki ke ci bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da abin da motoci suka zo suka ci. A 2005 da 2007 Majalisar Amurka ta yi dokoki na tilasta gauraya fetur da itanol, wani ruwa mai kama wuta da a ke tatsa daga masara, har ya zama fiye da sulusin masarar ƙasar can ta ke tafiya. Farashi ya tashi. A Janairu, 2007, dubban mutane suka yi zanga-zanga a birnin Meksiko saboda tsadar wainar masara wadda ita ce tuwonsu. A tsakiyar 2008 bushil ya haura dala 7, a tsakiyar 2012 kuma ya taɓa dala 8. Wanda ya sayi murhu don araha sai ya ga ya koma curin katako, waɗansu kuma suka kashe shi suka jingine.

Waɗanda suka fi riƙe shi su ne manoma masu hatsi a rumbunsu, domin su ba saye su ke yi ba. A kakar 2013 aka sami masara mai yawa amma da laima a jikinta, sai da aka busar da ita da injuna masu cin gas ɗin tukunya, aka kwashe ajiyar gas ɗin tun sanyi bai shigo ba. Sanyin shekarar kuwa ya zo da tsanani. A Janairu, 2014, galan ɗin gas ya kai wajen dala 5 a waɗansu wurare, gwamnonin jihohi da dama suka kafa dokar ta-ɓaci, motocin dakon gas suka riƙa tafiya har Texas suna ɗebowa, gidajen ƙauye suna jiran layi ya zo kansu.