Sarauniya: tarihin fim ɗin Med Hondo

Sarauniya fim ne na yaƙi da Med Hondo, ɗan Muritaniya mazaunin Faransa, ya fitar a 1986. Ya gina shi a kan littafin da Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba, ya wallafa a 1980, game da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa ta hafsoshi Voulet da Chanoine a 1899. A Nijar aka so ɗaukarsa, amma hukumomin zamanin Seyni Kountché suka janye, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta karɓi aikin. Aï Keïta, 'yar Burkina, ce ta fito a matsayin sarauniyar Azna. A 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Fespaco a Wagadugu.

Inda ake saɓani shi ne yaƙin Lugu na 16 ga Afrilu 1899. Rahoton hafsoshin Faransa ya ce sun ci garin, sun rasa mutum 4, Sarauniya kuma ta shige daji da jama'arta. Mamani da Hondo suka mai da wannan janyewa mafarin rushewar rundunar. Masu suka suna cewa an ƙara wa labari gishiri, kuma game da Lugu suna da hujja. Sai dai sun manta da kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fi tsayawa a kan abin da aka rubuta, kuma ya faru ne a ƙasar Tasawa, maƙwabciyar Mayahi da Kanan-Bakashe. Da labarin ta'asar rundunar ya isa Faransa, sai ta turo Kanar Klobb ya karɓe ta. A Dankori, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi, ya ce shi ba Bafaranshe ba ne kuma, zai kafa daularsa. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya musu baya, suka kashe Chanoine, suka bi da Voulet, a wajejen Maijirgi. Hondo bai ƙago ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma rawar da Jean-Roger Milo ya taka a matsayin Voulet tana nuna yadda hauka yake cin mai iko sannu a hankali. Saboda haka hukuncin da ya dace shi ne a raba biyu: Lugu ta fim almara ce da aka ɗora a kan mace ta gaskiya, Dankori da Maijirgi kuwa tarihi ne.

A Faransa fim ɗin bai daɗe a gidajen silima ba, abin da Hondo ya yi ta kuka da shi. Mamani ya rasu a hatsarin mota a 1993, Hondo kuma a 2019.