Zangon Lome: Wa Ke Riƙon Baƙo In Ya Tsufa?

Duk wanda ya bar garinsu don neman abinci, da ƙarfinsa yake fita. Ba ya cika tuna ranar da ƙarfin zai ƙare, ko ranar da ciwo zai kwantar da shi a inda ba uwa ba uba. Tarihin zangon Lome, babban birnin ƙasar Togo, tarihin irin waɗannan mutane ne. Yana da kyau masu bi da ke jin Hausa su san shi, gama da yawa daga cikinsu baƙi ne a garuruwan da suke zaune, tambayar da ta dami mutanen zango kuwa ita ce take jiran kowace ikilisiya: wa ya san tsoho, wa ya san marar lafiya, wa zai ɗauki nauyinsu?

Lome ba tsohon gari ba ne. Wajen shekara ta 1880 ya fara girma, sa'ad da 'yan kasuwa suka riƙa sauke kaya a wannan gaɓar teku don su kauce wa kuɗin kwastan da Ingilishi suka sa a Keta da Denu. A 1884 Jamus ta kafa mulkinta a Togo, a 1897 kuma ta mai da Lome hedkwata. Fataken Hausa suna cikin waɗanda suka iso tun da wuri. Hanyarsu ita ce tsohuwar hanyar goro, wadda ta haɗa Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake da malamai da yawa suka koma Kete-Krachi, waɗansu suka gangara har bakin teku. Inda suka sauka aka kira zango, ko zongo yadda ake faɗi a Gana da Togo. Bayan an shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Kpalime a 1907 da Atakpame a 1911, ciniki ya ƙaru, baƙi kuma suka ƙaru.

A zango babu gonar gado, babu gandu, babu dangi na jini da za su kewaye mutum. Abin da ya tsaya a madadinsu shi ne maigida. Baƙo ya iso da shanunsa daga Nijar ko daga ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, sai ya sauka a gidan wani maigida. Maigidan ya ba shi ɗaki da abinci, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. Saurayin da ya zo hannu wofi yakan zama yaron gida. Yana kora shanu, yana ɗaukar huhun goro, yana zuwa aike. In ya yi haƙuri, maigida yakan yi masa aure, ya ba shi jari. In ya kwanta ciwo, daga gidan ake nemo magani. In ya rasu, gidan ne ke sayen likkafani. Zakka da sadakar Jumma'a, da abincin suna da na biki, da adashin mata, su ne suka riƙe gwauraye da makafi da tsofaffin da ba su haihu ba. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin wannan a takarda ba. A cikin zukatan mutane yake, da kunyar da maƙwabci ke ji wa maƙwabcinsa.

Masu mulki sun kawo nasu tsari, amma bai shiga zango sosai ba. Jamus ta tafi a 1914, Faransa ta karɓi Lome a 1920, Togo ta sami mulkin kai ranar 27 ga Afrilu 1960. A 1973 aka kafa asusun gwamnati mai biyan fansho da kuɗin iyali, wanda ake kira CNSS. Amma a wancan lokaci wannan asusu na masu albashi ne, waɗanda sunansu ke cikin littafin ma'aikata. Dillalin shanu, da mahauci, da mai sayar da fura, da wanzami, ba su da albashin wata, saboda haka fanshonsu shi ne 'ya'yansu da maigidansu da unguwarsu.

Unguwar kuwa aka rushe. A 1977, zamanin mulkin Janar Eyadema, hukuma ta tashi zangon da ke tsakiyar gari, aka nuna wa mutane wani fili wajen kilomita 15 arewa da birni, a gefen Agoe, kan babbar hanyar da ta nufi arewa, kusa da kwarin kogin Zio inda ruwa kan yi ambaliya. A wajen tsohon zango manyan gine-ginen bankuna suka tashi. Mai ƙarfi ya gina sabon gida. Mai haya da ba shi da fili ya nemi ɗaki a wata unguwa, wani kuma ya bar garin. Mai karatu ya tuna da tsohuwar da take cin tuwon dare a gidan maƙwabta shekara da shekaru. Ba wanda ya kore ta, amma ranar da maƙwabtan suka watse, abincinta ya watse tare da su.

Abin da aka sani a rubuce game da wannan zamani, yawancinsa ya fito daga aikin wani Bafaranshe mai binciken zaman jama'a, Michel Agier, wanda ya zauna da mutanen zango jim kaɗan bayan rushewar, ya kuma buga littafinsa a 1983. Ya nuna cewa zumuncin zango ƙulla shi ake yi ta wurin masauki da aiki da aure, har mutanen da asalinsu ya bambanta su zama kamar dangi ɗaya. Kafin shi, Abner Cohen ya yi irin wannan bincike a Sabon Ibadan, ya buga a 1969, Enid Schildkrout kuma a zangon Kumasi, a 1978. Da ba don irin waɗannan ba, da labarin ya bi dattawan zuwa kabari.

A nan ya kamata a duba waɗansu ƙasashe masu nisa, wato Danmak da Suwidin da Norwe, can arewacin Turai. Masu bi na Adamawa sun san sunan Danmak, gama daga can likita Niels Brønnum ya zo Numan a 1913. A yau ana misali da waɗannan ƙasashe wajen lura da tsofaffi da marasa lafiya, amma dā matalauta ne. Yunwa ta ci Suwidin a 1867 zuwa 1869, mutanenta fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura zuwa Amurka. Abin da suka riga waɗansu da shi shi ne ƙidaya, a cikin ikilisiya kuma aka fara ta. Dokar ikilisiyar Suwidin ta 1686 ta umarci kowane fasto ya riƙe littafin haihuwa da aure da mutuwa na yankinsa. Daga 1749 aka riƙa tara waɗannan lissafai na ƙasa duka. Da haka hukuma ta ga yawan jariran da ke mutuwa, da cututtukan da ke kashe mutane. Danmak ta yi dokar taimakon tsofaffi matalauta masu shekara 60 a 1891. Suwidin ta kafa fansho na kowa da kowa a 1913, daga shekara 67. A 1968 masu bincike a Suwidin suka tambayi mutum wajen 6,000 game da lafiyarsu da aikinsu da gidajensu, suka kuma riƙa komawa wurinsu bayan shekaru. A 1996 Norwe ta kafa cibiyar NOVA a Oslo don binciken ƙuruciya da jin daɗin jama'a da tsufa. Duk da haka, binciken nasu ya nuna musu abin da kuɗi bai warkar ba: tsofaffi da yawa suna zaune su kaɗai, suna fama da kewa. Tsohon zango bai da fansho, amma da wuya ya wuni ba a gaishe shi ba.

Togo ta daɗe ba ta ƙirga mutanenta ba. Bayan ƙidayar 1981 ba a sake yin wata ba sai 2010. A tsakanin nan aka yi yajin aiki na watanni da ya fara a Nuwamba 1992, dubban mutane suka gudu daga Lome a 1993, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994. Kuɗin magani ya tashi, masu gida da yawa suka kasa riƙe yaran da suke riƙewa dā. Daga baya gwamnati ta kafa inshorar lafiya ta ma'aikatanta a 2011, ta yi dokar inshorar lafiya ta kowa a 2021. Lokacin annobar korona a 2020 ta raba kuɗin agaji ta wayar hannu, a shirin da aka kira Novissi. Amma sai mai katin zaɓe na Togo ya iya yin rajista. Baƙon da ya tsufa a zango ba tare da wannan kati ba, ya koma ga abin da ya saba, wato hannun maƙwabta.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ba sabo ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi a Urushalima domin ana manta da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum, sai aka zaɓi mutum bakwai su lura da aikin. A wasiƙarsa ta fari ga Timoti, sura 5, Bulus ya yi maganar rubuta sunayen gwauraye tsofaffi. Ashe ikilisiyar farko ta ga cewa ƙauna kaɗai takan manta da wani, musamman baƙo, in ba a sa wanda zai riƙe sunaye ba.

Musulmin zangon Lome sun nuna yadda ake mai da baƙo ɗan gida. Fastocin Suwidin sun nuna amfanin littafi da alƙalami. Ikilisiyar da ke zaune a zango ko a sabon gari tana bukatar duka biyu. Ba sai ta jira gwamnati ko masani daga waje ba. Littafin rubutu ɗaya ya isa: sunan kowane tsoho, inda yake kwana, wanda ke ba shi abinci, ciwon da ke damunsa, garin da danginsa suke, da ko yana da takardar shaida. A sa dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumuntar mata su riƙa duba shi kowane wata, matasa kuma su riƙa kai ziyara. In wata rana aka tashi unguwa, kamar yadda aka yi a 1977, za a san wanda za a nema da inda za a neme shi.