Yadda Ake Amfani da Kwamfuta Wajen Neman Maganin Tarin Fuka Daga Itatuwa

Tarin fuka, wanda ake kira tarin tibi, yana cikin cututtuka masu yaɗuwa da suka fi kashe mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da shi, kimanin miliyan 1.25 kuma suka mutu. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan ciwo. Wani likitan Jamus, Robert Koch, shi ya bayyana ƙwayar cutar ranar 24 ga Maris 1882, shi ya sa ake ranar tarin fuka ta duniya a wannan kwanan duk shekara.

Me ya sa ake neman sabon magani?

Maganin da ake bayarwa yanzu wata 6 ake shan shi. Wata 2 na farko ƙwayoyi huɗu ne: isoniazid, rifampicin, pyrazinamide da ethambutol. Sai wata 4 a ci gaba da biyun farko. To matsalar ita ce, mutum da ya ji sauƙi sai ya ajiye magani ya koma harkarsa. Ƙwayoyin da ba su mutu ba sai su farfaɗo, kuma wannan karon ba sa jin maganin. Wanda ya kamu da irin wannan taurarren, jinyarsa ta fi wahala, ta fi tsada. Sai a ƙarshen 2012 Amurka ta amince da bedaquiline, wanda shi ne sabon maganin tibi na farko cikin kusan shekara 40. Ka ga ashe abin ba ya zuwa da sauri.

Ina itatuwa suka shigo?

Ba sabon abu ba ne a samo magani daga tsiro. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka samo shi. Artemisinin kuma daga tazargade, har wata 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015 a kan wannan aiki. Amma ganye ɗaya yana iya ɗauke da sinadarai barkatai. A ce sai an tace kowanne an gwada shi a kan ƙwayar tibi, ai aikin ba zai ƙare ba. Ƙwayar tana da nawar girma, sai ta yi makonni kafin ta fito a kwanon gwaji, sannan ba kowane ɗakin bincike aka yarda ya taɓa ta ba saboda haɗari. Manyan wuraren gwajinta a Najeriya sun haɗa da cibiyar Saye da ke Zariya da cibiyar NIMR da ke Yaba a Legas.

Yadda kwamfutar ke aikin

A 1998 masana suka gama karanta ƙwayoyin gadon wannan ƙwayar cuta, suka tarar da kimanin 4,000. Daga nan aka gane sassan da ba ta iya rayuwa sai da su. Misali InhA da DprE1 suna taimaka mata gina bangon da ke kare ta. Isoniazid InhA yake toshewa, shi kuma bedaquiline yana kashe injin da ke ba ta ƙarfi.

Ka ɗauki kowane sashe kamar kwaɗo, sinadaran itatuwa kuma kamar tarin makullai. Mai bincike zai ɗauko siffar kwaɗon daga rumbun intanet mai suna Protein Data Bank, wanda ke da siffofi sama da 200,000. Makullan kuma akwai rumbunansu, har da AfroDb na sinadaran itatuwan Afirka, wanda Fidele Ntie-Kang na Jami'ar Buea a Kamaru da abokan aikinsa suka fitar a 2013. Sai a sa manhaja irin AutoDock Vina ta riƙa zura kowane makulli a kwaɗon tana ba shi maki. Dubbai za a iya tacewa cikin 'yan kwanaki.

Waɗanda suka ci maki sai a sake tace su: hanji zai iya tsotse shi? Zai lalata hanta ko ƙoda? Daga dubbai sai a koma 'yan kaɗan, su za a kai ɗakin gwaji.

Inda kwamfuta ta tsaya

Duk wanda ya san kara ya san dillali zai kalli sa ya ce zai yi kilo kaza. Sau da yawa yana dacewa, amma gaskiyar magana sai an kai kwata an ɗora a sikeli. Haka kwamfuta take, ƙiyasi take yi. Bangon ƙwayar tibi kauri gare shi da maiƙo, sinadari zai dace da kwaɗo a allo amma ya kasa ratsa bangon. Bayan kwano sai dabbobi, sannan gwaji hawa uku a jikin mutane. Yawanci shekara 10 zuwa 15 ake yi, kuma mafi yawan sinadaran a hanya suke faɗuwa.

An gwada sinadaran tafarnuwa da kurkum a kwano an ga suna taɓa ƙwayar. Masu bincike a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka sun nuna artemisinin yana hana ta lafewa ta ɓuya. Duk da haka, har yau babu wani ganye ko sassaƙe da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince yana warkar da tarin fuka. Saboda haka in ka ga mai lasifika a tasha yana cewa kwamfuta ta tabbatar da maganinsa, ka san inda maganar ta tsaya.

Abin da ya shafi 'yan kara da mahauta

Shanu ma suna da nasu tarin, kuma yana kama mutum, musamman ta nonon da ba a tafasa ba, da kuma aikin fiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 140,000 suka kamu da shi a 2019. Irin wannan kuwa tun asali ba ya jin pyrazinamide, wato ɗaya cikin ƙwayoyi huɗun nan ba ta da aiki a kansa. Masu aiki a mayankar Oko-Oba ta Agege, ko karar Akinyele a Ibadan, ko Lokpanta a Abiya, wannan binciken namu ne kai tsaye. Ga kuma kwanan cunkoso a shago ko ɗaki ɗaya babu taga, wanda ke sa tarin yaɗuwa tsakaninmu.

Kafin sabon magani ya iso, a tafasa nono. Huhun da aka ga ƙulle-ƙulle a jikinsa a bari likitan dabbobi ya duba. Tari in ya kai mako 2, ko ga rama da zufar dare, a je asibiti. Gwajin majina na GeneXpert cikin kimanin awa 2 yake nuna cutar, har ma ya faɗa in ba ta jin rifampicin. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, Arewa da Kudu. Wanda ya fara sha kuma zai tafi gida ganin iyali, ya sanar da ma'aikatan su haɗa shi da asibitin garinsu, kada wata 6 ɗin nan ya yanke a hanya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.